Rabi da sulusi ba sa ba da biyu bisa biyar: yadda ake tara kashi idan lambobin ƙasa sun bambanta

"Assalamu alaikum Malam. Yarona yana aji biyar na firamare. An ba su aikin gida, 1/2 + 1/3, ya rubuta 2/5, malaminsu ya soke ya rubuta masa 5/6 a gefe. Ya tambaye ni daga ina shida ta fito, ni kuma na daɗe da barin makaranta, na kasa ba shi amsa. A wata tambayar, 1/6 + 1/10, ya kwaikwayi abin da aka yi musu a allo ya samu 8/30, amma aka rage masa maki wai bai taƙaita ba. Don Allah a yi mini bayani yadda zan gane, ni ma in koya masa."

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana shi, ya buɗa masa ƙwaƙwalwa. Abu biyu kika tambaya. Na farko, me ya sa ba a tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, kuma ta yaya ake samo sabuwar lambar ƙasa irin wannan shidan. Na biyu, idan amsa ta fito, me ake nufi da taƙaita ta, kuma ta yaya mutum zai san ya kai ƙarshe. Tambayar da yaron ya yi miki, daga ina shida ta fito, ita ce tambayar da ta dace, kuma yaron da ya yi ta yana dab da ganewa.

Abin da yara ke kira firakshan a makaranta, a nan zan riƙa ce masa kashi. A 2/5, biyu ce lambar sama, biyar ce lambar ƙasa, ana karanta shi biyu bisa biyar. Da ma muna da sunayen wasu daga cikinsu a bakinmu: rabi (1/2), sulusi (1/3), rubu'i ko kwata (1/4), humusi (1/5), sudusi (1/6), sumuni (1/8), ushiri (1/10). Ki riƙa amfani da waɗannan sunayen idan kuna aiki tare, za ki ga amfaninsu nan gaba kaɗan.

Me ya sa 2/5 ba za ta taɓa zama amsa ba

Kafin kowace ƙa'ida, ki sa shi ya gane da idonsa cewa amsarsa ba ta yiwuwa. Ki ɗauki gurasa guda, ki yanka ta gida biyar daidai wa daida. Biyu bisa biyar yanka biyu ke nan. Rabin gurasar kuwa yanka biyu ne da rabin yanka. Ashe rabi kaɗai ya fi 2/5 yawa. To mutum yana riƙe da rabin gurasa, aka ƙara masa sulusi, ta yaya abin hannunsa zai ragu? Sannan ki tambaye shi rabi da rabi nawa ne. Nan take zai ce ɗaya. Ki ce ya rubuta 1/2 + 1/2 ya bi hanyarsa. Zai samu 2/4, wanda shi ma rabi ne. Daga nan shi da kansa zai fara shakkar hanyar, kuma wannan shakkar ta fi jan biron malami amfani.

Amma kada ki ɗauka sakaci ne ya kawo kuskuren, yana da dalilansa. Tun daga aji ɗaya an saba masa da cewa duk lambobin da ke jere a layi ɗaya, alamar tarawa na tsakaninsu, haɗa su ake yi. Kuma a lissafin sau haka ɗin ake yi: 1/2 sau 1/3 ana ninka sama da sama, ƙasa da ƙasa, a samu 1/6. Akwai ma wurin da 2/5 ke zama gaskiya. Idan aka yi masa gwaji mai tambaya biyu ya ci ɗaya, aka sake yi masa mai tambaya uku ya ci ɗaya, to ya ci biyu cikin biyar. Sai dai a nan ba tara kashi aka yi ba, gwaji biyu aka haɗe suka zama gwaji ɗaya babba, abin da ake rabawa ya ƙara girma. Shi ya sa amsar da wannan hanya ke bayarwa kullum tana faɗawa tsakanin kashi biyun: 2/5 ta fi sulusi, ba ta kai rabi ba. A tarawa kuwa gurasar guda ce, girmanta bai canza ba, kuma dole amsa ta fi kowanne daga cikin abin da aka tara.

Lambar ƙasa ma'auni ce

Duk maganar a nan take. Lambar sama ita ke ƙirga, ita ke faɗin guda nawa. Lambar ƙasa ba ta ƙirga komai, girman yankan take faɗa, wato sunan ma'aunin da aka auna da shi. Awaki biyu da awaki uku, awaki biyar ne, sunan akuya bai canza ba. Haka 2/7 + 3/7: yanka biyu da yanka uku, duk irin yankan gida bakwai, yanka biyar ke nan, 5/7. Bakwai tana nan yadda take domin girman yankan bai taɓu ba. Wannan ne amfanin sunayenmu na Hausa. Yaron da ya ce "sudusi biyu da sudusi uku" ba zai taɓa tunanin tara sudusi da sudusi ya samu wani suna daban ba, zai ce sudusi biyar.

To idan ma'aunin ya bambanta fa? Ke da kanki kin san wannan daga kasuwa. Mudu biyu na shinkafa da gwangwani uku ba biyar ba ne na komai. Sai an juye mudun an auna shi da gwangwani, sannan a ƙirga duka da ma'auni ɗaya. Rabi da sulusi ma'auni biyu ne daban, dole a nemo ƙaramin ma'aunin da zai auna rabi daidai, ya auna sulusi daidai, babu saura.

Ki gwada masa da kiret ɗin ƙwai, mai cin ƙwai 30. Rabin kiret ƙwai 15, sulusin kiret ƙwai 10. An haɗa, ƙwai 25 cikin 30. Kiret layi shida ne, kowane layi ƙwai biyar, saboda haka ƙwai 25 sun cika layi biyar, layi ɗaya ya rage babu komai. Layi biyar cikin shida, 5/6. Ga shidan da yake nema nan a gabansa. Rabi layi uku ne, sulusi layi biyu, ma'aunin da ya auna su duka shi ne layi, wato sudusin kiret. Agogo ma yana ba da amsa ɗaya: rabin awa minti 30, sulusin awa minti 20, jimla minti 50 cikin 60, saura minti goma awa ta cika.

A rubuce, abin da aka yi shi ne an canza wa kowane kashi suna ba tare da an taɓa yawansa ba. Rabi ya koma 3/6, sulusi ya koma 2/6, aka tara 3 da 2 aka samu 5/6. Dalilin da ya sa yawan bai canza ba: idan kika ɗauki rabin gurasa kika sake yanka shi gida uku, kika yi wa ɗaya rabin haka, gurasar ta zama yanka shida, na hannunki ya zama yanka uku. Wuƙar da ta ninka yawan yankan gurasar duka, ita ta ninka yawan na hannunki. Saboda haka ƙa'idar: duk lambar da kika ninka ƙasa da ita, ki ninka sama da ita. Ninkawa fa, ba ƙari ba. In ana son mai da 2/3 bisa goma sha biyu, uku sau huɗu ne ya ba da 12, don haka biyu sau huɗu, 8/12. Yara da yawa sukan ce an ƙara tara a ƙasa, bari su ƙara tara a sama, su rubuta 11/12, wanda ya kusa cika guda, alhali 2/3 sulusi guda ya rage mata.

Yadda ake samo sabuwar lambar ƙasa

Abin da ake nema shi ne lambar da duka lambobin ƙasan biyu za su shiga cikinta babu saura. Mafi ƙanƙantar irin wannan lamba ita ce malaman Najeriya ke kira LCM, a makarantun Nijar kuma PPCM. Malaman rabon gado sun daɗe da tsara wannan aiki, suna kiran lambar da asalin mas'ala, kuma sun kasa alaƙar lambobin ƙasa gida huɗu. A ganina tsarinsu ya fi na littattafan firamare da yawa sauƙin riƙewa, don yana sa mutum ya dubi lambobin tukuna kafin ya fara ninkawa.

Idan lambobin iri ɗaya ne, suna ce masa tamasul, babu aiki, a tara sama kawai. Idan ƙaramar tana shiga cikin babbar, tadahul ke nan, sai a ɗauki babbar. Telan da ke tara 3/8 na inci da 1/4 na inci ba ya neman wata lamba, tef ɗinsa ya riga ya raba inci gida takwas, kwata layi biyu ne, 3/8 + 2/8 = 5/8. Idan kuma babu wata lamba da ke raba su duka biyun in ban da ɗaya, tabayun ke nan, sai a ninka su da juna. Biyu da uku haka suke, shi ya sa aka samu shida. Uku da biyar ma haka: 2/3 + 1/5 ya zama 10/15 + 3/15, wato 13/15.

Na huɗun ne ke da aiki, shi ne tawafuƙ, inda ƙaramar ba ta shiga babbar amma akwai lambar da ke raba su duka. Ɗauki 5/12 + 7/18. Sha biyu ba ta shiga sha takwas, amma shida tana raba su. Hanya mafi sauƙi ga yaro ita ce ya riƙa ninka babbar yana gwadawa: 18, sha biyu ba ta shiga, 36, ta shiga sau uku. An samu. Sha biyu sau uku ne 36, don haka 5 sau uku, 15/36. Sha takwas sau biyu ne 36, don haka 7 sau biyu, 14/36. Jimla 29/36. Hanyar malaman gado ta fi gajarta: a raba ɗaya daga cikin lambobin da babbar lambar da ke raba su duka, a ninka abin da ya fito da ɗayar. Sha biyu a raba shida, biyu. Biyu sau sha takwas, 36. Lissafi ɗaya ne da a ninka 12 da 18 a samu 216 a raba da shida.

A makaranta za ki ga ana ja musu layi a tsaye, ana raba lambobin da 2, da 3, da 5 har su koma ɗaya, sannan a ninka lambobin gefe. Wannan hanya daidai take, kuma tana da amfani idan kashi uku ne ko huɗu, ko lambobin manya ne. Abin da ke cikinta shi ne 12 ita ce 2 sau 2 sau 3, 18 kuma 2 sau 3 sau 3, don haka lambar da za ta ɗauke su duka tana buƙatar biyu guda biyu da uku guda biyu, 2 sau 2 sau 3 sau 3, wato 36. Illarta kawai, yaro kan haddace jan layin bai san abin da yake nema ba, har ka ga yana yi wa 2 da 4 wannan dogon aiki.

Za ki iya tambaya, dole ne sai mafi ƙanƙanta? Ba dole ba ne. Kowace lamba da suke shiga tana aiki. Wanda ya ninka 12 da 18 kai tsaye zai samu 216, sama kuma 5 sau 18 da 7 sau 12, wato 90 da 84, jimla 174/216. Amsar daidai ce, in aka raba sama da ƙasa da shida 29/36 ɗin nan ce za ta dawo. Wannan hanya ba ta taɓa ƙin aiki, kuma yaron da LCM ya rikita shi a ɗakin jarrabawa gara ya bi ta, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kuɗinta shi ne manyan lambobi, kuma inda lambobi suka girma nan kuskuren ninkawa ke shiga, sannan ga aikin taƙaitawa yana jira a ƙarshe.

Taƙaitawa

Wasu na ce mata ragewa. Ba na son wannan kalma ga yara, don tana sa su zaci yawan abin ne ya ragu. Babu abin da ya ragu, ƙananan yanka ne aka manne suka koma manya. Ƙwai 25 cikin 30 da layi biyar cikin shida abu ɗaya ne, an ƙirga na farko da ƙwai, na biyu da layi. Taƙaitawa juyin abin da muka yi ɗazu ne: a can mun ninka sama da ƙasa da lamba ɗaya, a nan muna raba su da lamba ɗaya.

Aikin yaronki na 1/6 + 1/10 daidai yake. Talatin ce ƙaramar lambar da shida da goma ke shiga, 5/30 + 3/30 = 8/30. Ki faɗa masa haka, ya san tarawarsa ba ta da matsala, mataki ɗaya ne ya rage. Takwas da talatin duka suna rabuwa biyu, 4/15. Huɗu ba ta rabuwa sai da biyu da huɗu, kuma babu wadda ke shiga sha biyar, don haka an kai ƙarshe. Dalilin da ya sa malamai ke nacewa a kan wannan shi ne kashi ɗaya yana da sunaye marasa iyaka, 4/15, 8/30, 12/45, 16/60, amma taƙaitaccen sunansa guda ne tak. Da shi ake gane amsar mutum biyu ta zo ɗaya. A jarrabawar zaɓi kuma, irin ta shiga sakandare, yawanci taƙaitacciyar ce ke cikin zaɓin, yaro ya samu 8/30 ya duba bai gan ta ba, ya zaci ya yi kuskure ya canki wata.

Don gane lambar da za a raba da ita, alamomi kaɗan sun wadatar a matakinsa. Lambar da ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8 tana rabuwa biyu. Wadda ta ƙare da 0 ko 5 tana rabuwa biyar. Don uku kuma a tara ƙwayoyin lambar: 174, ɗaya da bakwai da huɗu 12, tana rabuwa uku, don haka 174 ma haka. Ba laifi ba ne a yi ta a hankali, 24/36 ta koma 12/18, ta koma 6/9, ta koma 2/3. Laifin shi ne tsayawa a tsakiya. Bayan kowace rabawa ya sake duba ko akwai saura. Wanda ya gane tun farko cewa 12 ce babbar lambar da ke raba su duka, wadda ake kira HCF, zai gama da taki ɗaya.

Akwai wata dabara da ba a cika koyarwa ba, mai rage wahala sosai. Idan kashi biyun da aka ba ka a taƙaice suke tun farko, kuma ka yi amfani da mafi ƙanƙantar lambar ƙasa, to duk abin da zai iya taƙaita amsar yana cikin lambar da ke raba lambobin ƙasan asali. Shida da goma, biyu ce ke raba su, don haka biyu kaɗai za a gwada a kan 8/30. A 7/12 + 1/15, uku ce ke raba 12 da 15; an samu 35/60 + 4/60 = 39/60, a gwada uku, ta shiga, 13/20, an gama. A 29/36 kuwa shida ce ke raba 12 da 18, a gwada biyu da uku, babu wadda ta shiga 29, ba sai an ɓata lokaci ba. Idan kuma tabayun ne, kamar biyu da uku, ko uku da biyar, amsar ba ta taɓa buƙatar taƙaitawa.

Wani lokaci alamomin nan duka sukan gaza, kamar a 91/143. Ba biyu, ba uku, ba biyar. A nan akwai tsohuwar hanya da Yuklid, masanin lissafi na Iskandariya, ya rubuta wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A ɗebe ƙarama daga babba, a ci gaba da yi da ƙaramar da kuma abin da ya rage. 143 a ɗebe 91, saura 52. 91 a ɗebe 52, saura 39. 52 a ɗebe 39, saura 13. Sha uku tana shiga 39 sau uku babu saura, ita ce lambar. 91 ita ce 13 sau 7, 143 kuma 13 sau 11, amsa 7/11. In aka bi hanyar har ta sauka a kan ɗaya, kashin a taƙaice yake.

Kuskure biyu nake yawan gani a nan, kuma duka daga kalmar sokewa suke fitowa. Yaro ya ga 15/25, ya soke biyar ta sama da biyar ta ƙasa ya rubuta 1/2, alhali amsar 3/5 ce. Ko ya kai matakin da sama take 6 + 5, ƙasa 12, ya soke 6 da 12 ya bar 5 yadda take, ya samu 6/2, wato uku, a wurin da amsa ba ta ma cika guda ba, 11/12. Maganin duka biyun ɗaya ne: a daina ce masa ya soke, a ce masa ya raba, kuma ya rubuta lambar da ya raba da ita a gefe. Sama kuma sai an gama tara ta ta zama lamba ɗaya kafin a taɓa ta.

Idan akwai cikakkiyar lamba a gaba, ko amsa ta wuce guda

Ɗauki yadi 2 da 3/4 a haɗa da yadi 1 da 5/6. A tara cikakkun tukuna, uku. Huɗu da shida tawafuƙ ne, lambarsu 12, don haka 9/12 + 10/12 = 19/12. Sama ta fi ƙasa, ma'ana an wuce yadi guda. Sha biyu bisa sha biyu shi ne guda, a cire shi, saura 7/12. Jimla yadi 4 da 7/12. Tef zai tabbatar: yadi inci 36 ne, 3/4 inci 27, 5/6 inci 30, jimla 57, wato yadi ɗaya da inci 21, kuma 7/12 na 36 ɗin 21 ne. Ki lura da shi a nan, don yara sun saba da ɗaukar goma, sai su kalli 19 su ce ɗaya da tara, su rubuta 1 da 9/12. Abin da ake cirewa shi ne lambar ƙasa, ba goma ba.

Tunda na ambaci gado, bari ki ga inda wannan lissafi ke da nauyi. Kason da Alƙur'ani ya yanka a Suratun Nisa'i guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Mutum ya rasu ya bar mata, da mahaifiya, da ɗa namiji guda. Matar tana da sumuni, mahaifiya sudusi, saura na ɗan. Takwas da shida tawafuƙ ne, biyu ke raba su, huɗu sau shida 24. Sumuni 3/24, sudusi 4/24, jimla 7/24, ɗan ya ɗauki 17/24. In abin da ya rage bayan hidimar jana'iza da bashi da wasiyya naira 2,400,000 ne, kowane kaso 100,000 ke nan: matar 300,000, mahaifiya 400,000, ɗan 1,700,000. Da an tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, da an samu 2/14, wato 1/7, wanda bai ma kai rabon mahaifiya ita kaɗai ba. Akwai kuma inda jimlar ke wuce guda, kamar mace ta rasu ta bar miji da shaƙiƙai mata biyu: rabi da sulusi biyu, 3/6 + 4/6 = 7/6. A nan malamai ke yin auli, su raba dukiyar gida bakwai maimakon shida, kowa rabonsa ya ɗan ragu. Wannan hukuncin fiƙihu ne, kada yaro ya kai shi aji, a can 7/6 ɗaya ce da sudusi. Na kawo misalan ne don lissafinsu kawai. Rabon gado na gaske yana da sharuɗɗa, wani magajin yana kange wani, wurinsa gaban malamin fara'id ne ko alƙali.

Abin da za ku yi a gida

Gani ya kori ji. Ki samu takarda mai gida-gida ta littafin lissafi, ki yanko zirin takarda shida masu tsawo ɗaya, kowanne gida 12. Ɗaya ki bar shi cikakke. Sauran ki sa shi ya yanka da kansa: ɗaya gida biyu, ɗaya uku, ɗaya huɗu, ɗaya shida, ɗaya sha biyu, ya rubuta wa kowane yanki sunansa. Dole tsawon ya zama ɗaya, in ba haka ba rabin wannan ba zai zama rabin wancan ba, aikin ya lalace. Sai ya jera rabi da sulusi a layi ƙarƙashin cikakken, ya nemo yankan da zai shimfiɗu a kansu daidai. Rubu'i ba zai zauna ba. Sudusi zai zauna sau biyar, yankan sha biyu kuma sau goma, sai ya ga 10/12 da 5/6 tsawonsu ɗaya, ya ga taƙaitawa kafin a kira sunanta.

Bayan kwana biyu ko uku da takardun, a koma biro, a bi daga mai sauƙi: 1/2 + 1/4, sai 1/3 + 1/6, sai 1/3 + 1/4, sai 1/4 + 1/6, sai 3/4 + 5/6. Amsoshin su ne 3/4, 1/2, 7/12, 5/12, da ɗaya da 7/12. Tambaya biyar a rana cikin minti goma sha biyar ta fi talatin a zama ɗaya. Kafin ya fara kowace, ya faɗi da baki ko amsar za ta wuce rabi, ko za ta wuce guda. Ya kuma rubuta layin tsakiya, inda kashi biyun suka koma bisa lamba ɗaya, kada ya tsallake shi, don a wannan layin ake kama mai canza ƙasa ya manta sama, irin mai rubuta 1/6 + 1/6 a madadin 3/6 + 2/6. Kalkuletar waya ki bar ta don dubawa bayan an gama: 1 a raba 2, da 1 a raba 3, a tara, za ta nuna 0.8333, kuma 5 a raba 6 ma haka.

Ban ga littafinsa ba, don haka daga tambaya biyu ba zan iya yanke inda tushen matsalar yake ba. Akwai gwaji mai sauri da zai nuna miki. Ki tambaye shi bakwai sau takwas, shida sau tara, da lambobin da ke shiga 24. In yana jinkiri ko yana ƙirga da yatsu, to haddar sau ce ke riƙe shi, kuma sai an gyara ta kafin LCM da taƙaitawa su zauna, domin duka biyun a kanta suke tsaye. In ya amsa da sauri amma ya ce 1/8 ta fi 1/6 saboda takwas ta fi shida, to ma'anar lambar ƙasa ce ba ta shiga ba, ku ƙara mako guda a kan takardun nan, ki kuma sanar da malaminsu abin da kika gani don ku riƙa ce masa abu ɗaya a gida da makaranta.